Ra'ayinmu: Cacar da Aka Sa wa Rigar Lissafi

  

A cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai ta wani matashi daga cikin garin Daura, wanda ya ce yana halartar karatun tsakanin Magariba da Isha a ɗaya daga cikin masallatanmu. Ya fara da rantsuwa cewa bai taɓa zama a tabarmar 'yan karta ba. Abin da yake yi, in ji shi, bincike ne. Idan kakar ƙwallon ƙafa ta Turai ta ƙare, sai ya koma kan wani wasan Amurka da ake kira besbol, ya kwana yana duba tarihin majefin kowace ƙungiya, sa'an nan ya zuba kuɗinsa ta waya a kan wadda majefinta ya fi ƙarfi. Ya rufe da tambaya: "Malam, wanda ya yi aiki da ilmi da lissafi, ya hana idonsa barci, ashe ba guminsa yake ci ba?"

Mun kawo wannan tambaya shafin farko domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Daga Daura zuwa Sandamu, daga Mai'aduwa zuwa Zango da Baure, da wuya ka zauna a gidan kallon ƙwallo ba ka ji irin wannan hujja ba. Bambancin kawai shi ne yawancinsu a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen suke nasu lissafin, shi kuwa ya haura har Amurka. Ya kuma kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci: mai wasiƙar ɗanmu ne, a sahunmu yake salla. Shekara da shekaru muna yaƙi da bidi'a a kan mumbari, kuma ba mu yi nadama ba, amma ga wata ɓarna ta shigo ta aljihun 'ya'yanmu muna kallo.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo da hannu, wani daga ɗaya ƙungiyar yana ƙoƙarin dukanta da kulki. Majefin nan shi ne ƙashin bayan ƙungiya a ranar, har ta kai kamfanonin caca suna rubuta sunansa kusa da sunan ƙungiyarsa, suna ɗaga farashi ko su sauke shi gwargwadon wanda zai fara jifa. To a nan ne shubuhar take: tun da akwai abin da za a nazarta, ashe an fita daga babin sa'a an shiga babin ƙwarewa.

Amsa ita ce Shari'a siffar ƙullin take dubawa, ko nawa ne wahalar da aka sha kafin a ƙulla shi. Abin da malaman fiƙihu ke kira ƙimari shi ne ɓangarori biyu su zuba dukiya a kan wani abu da ba a san yadda zai kasance ba, bisa sharaɗin wanda abin ya faɗo wa ya kwashe, ɗayan ya tashi hannu wofi. Ba a sayar da haja ba, ba a yi wa kowa aiki ba, ribar wannan ita ce ainihin hasarar wancan. Mai wasiƙarmu ya dubi abin da yake yi ya gaya mana wanne ne babu daga cikin waɗannan. Ai ɗan karta ma gwani ne a fanninsa, yana ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage a hannun abokan zamansa, amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce ƙwarewarsa ta mai da tabarmarsa kasuwa ba. Falken da ya sayi shanu a kasuwar Mai'aduwa ya nufi Kudu da su yana iya faɗuwa, gaskiya ne, sai dai shi ya mallaki dabba, ya biya mai mota, ya kai nama inda ake bukata, kuma yana yiwuwa da shi da mai sayarwa da mai saye duka su amfana. A caca wannan ba ya taɓa yiwuwa.

Yana da kyau a tuna irin cacar da Alƙur'ani ya tarar a wurin Larabawa, wadda ya kira maisir. Mutane ne za su haɗu su yanka raƙumi, a kawo kibau 10 a zuba a jaka. Guda 7 suna da rabo, daga kashi ɗaya har zuwa kashi bakwai, guda 3 kuwa ba su da komai, waɗanda suka faɗo musu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Naman ma galibi ga matalauta ake rabar da shi, suna alfahari da haka, suna zagin wanda ya ƙi shiga da marowaci. Duk da wannan amfanin, aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinsa ya rinjayi amfaninsa, sa'an nan aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka jera shi tare da giya da gumaka, suka umarci a nisance shi, suka kuma ambaci illarsa: haddasa gaba da ƙiyayya, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Idan cacar da ake ciyar da miskinai da ita ba ta tsira ba, ina ga wadda ribarta ke zarcewa asusun kamfani? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya furta wa abokinsa gayyatar caca kawai, an umarce shi da ya yi sadaka.

Wasu masu ɗan karatu sukan kawo abu biyu. Na farko, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito wanda ya yi rangwamen sa kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Wannan rangwame na masu fafatawar ne da kansu, domin horon jihadi, kuma ko su ɗin malaman Malikiyya sun gindaya musu sharuɗɗa, kamar yadda duk wanda ya sauke Risala ya sani. Ɗan kallo da ke gefe yana zuba kuɗi a kan dokin wani bai shiga ciki ba. Na biyu, yarjejeniyar Sayyidina Abubakar da mushirikan Makka a kan nasarar Rumawa. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wannan ya faru kafin haramci, waɗanda kuma suka ce hukuncin bai shafu ba, irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ɗaure shi ne ga abin da ke tabbatar da gaskiyar addini. Wace gaskiyar addini ce ke rataye a hannun wani majefi a Chicago?

Tun da ɗan'uwanmu da lissafi ya zo, bari mu yi lissafin tare. Ɗauki ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne wanda ya zuba Naira 1,000 ya ci a ba shi 2,000. Kamfani ba ya yin haka, sai ya ce, misali, 1,900. Mutum 100 suka zuba wa wannan, 100 suka zuba wa waccan: an tara Naira 200,000, za a biya 190,000, saura 10,000 ta zauna a hannun kamfani, ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. Shi bai damu da majefi ba. Abin ya fi muni ga masu jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya, wanda shi ne abin da yaranmu suka fi so domin da Naira 100 ake musu kwaɗayin dubbai. Idan wasanni 10 ne irin waɗancan, damar a dace da su duka ita ce ɗaya cikin 1,024, kuma wancan ɗan yankan yana ninkuwa har ya zama duk Naira ɗaya da aka zuba kimanin kwabo 60 ne ke komawa ga masu zubawa. Shi ya sa kullum za ka ji ana cewa wasa ɗaya ne ya yanke tikitin. Haka aka tsara shi.

Bayanin da kake kwana kana tonowa kuwa, ya kai ɗan'uwa, kamfanin ya riga ka saninsa, yana da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da wani aiki sai wannan, kuma ya riga ya zuba shi a cikin farashin da ya nuna maka. Ga shi wasan da kansa ba ya biyayya ga lissafi. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, kuma ƙungiyar Seattle da ta ci 116 a 2001, adadin da babu wadda ta taɓa haura shi, sai da aka doke ta sau 46.

Akwai kuma abin da takardun tarihin majefi ba sa nunawa. An zargi 'yan wasa 8 na ƙungiyar White Sox ta Chicago da karɓar kuɗin 'yan caca domin su zubar da gasar ƙarshe ta 1919, aka kore su daga wasan har ƙarshen rayuwarsu. A 1989 aka kori Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan dukan ƙwallo a tarihin gasar, saboda caca. A Fabrairun 2025 kotu ta ɗaure tafintan shahararren ɗan wasan nan Shohei Ohtani wata 57, bayan ya wawure kusan Dala miliyan 17 daga asusun ubangidansa domin biyan bashin caca. A Nuwamban shekarar kuma aka gurfanar da majefa biyu na ƙungiyar Cleveland bisa tuhumar ɓata wasu jifa da gangan domin wasu 'yan caca su ci, ko da yake sun musanta. Wato hannun da kake gina lissafinka a kansa yana iya zama an riga an saye shi.

Sai batun lokaci, wanda ya fi komai ba mu tsoro. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York, ƙarfe 12 na dare ne a Daura. Wanda aka fara a gaɓar yammacin Amurka kuwa ƙarfe 3 na dare ne, ba zai ƙare ba sai alfijir ya keto. Mai wasiƙar bai gaya mana yadda yake yi da sallar Asuba ba, mu ma ba za mu tambaye shi a bainar jama'a ba. Amma duk wanda ya zauna da iyaye a unguwanninmu ya ji labarin kuɗin makaranta da suka salwanta, da ɗan acaɓan da ya kasa kai kuɗin mai babur, da yaron shago da aka nema aka rasa ranar ƙirga kaya, da 'yan kunnen amarya da suka tafi ba sallama.

A da hukumomi suna fakewa da cewa lasisin waɗannan kamfanoni daga Abuja yake, ƙarƙashin dokar caca ta ƙasa ta 2005. Wannan uzuri ya faɗi ranar 22 ga Nuwamba, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Tun kafin hukuncin ma, a Oktoban shekarar, Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kimanin 30. Jihar Katsina ta shelanta aiki da Shari'a tun 2000, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma ta samu Hukumar Hisba a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. Muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar ƙananan hukumomin wannan masarauta su tabbatar doka ta ambaci cacar wasanni da sunanta, ta shago da ta waya, kada a bar wa kowa kafar cewa nishaɗi ne. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya ja hankalin hakimai da dagatai da masu unguwanni a kan masu ba da hayar shaguna ga wannan harka, domin kuɗin hayar ma ba halal ba ne.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Kwaɗon Hisba yana rufe shago, ba ya rufe waya, kuma mai wasiƙarmu bai taɓa taka shagon caca ba. Limamanmu da malaman Islamiyyunmu su daina wuce babin ciniki da gudu. A zauna da matasa a yi musu wancan lissafin a kan allo, da alli, domin da yawansu sun san haramcin, abin da ba su sani ba shi ne wayon da ake yi musu. Mawadatan cikinmu kuma su tuna cewa yaron da ya iya kwana yana tace alƙaluma zai iya riƙe littafin shago, in ya samu mai ɗaukarsa.

Ya rage abu ɗaya da ɗan'uwanmu ya tambaya a ƙasan wasiƙarsa, wato kuɗin da ke cikin asusunsa yanzu. Abin da ya zuba na kansa ya cire ya riƙe. Abin da ya ƙaru a kai ba nasa ba ne: ya fitar da shi ga mabukata ko wani aikin amfanin jama'a da niyyar rabuwa da haram, ba da niyyar sadaka ba, kuma kada ya ce bari ya buga na ƙarshe domin ya mai da abin da ya rasa. Wanda ya taɓa kuɗin wani ya zuba, bashi ne a wuyansa sai ya biya. Sa'an nan ya goge manhajar daga wayarsa, ya fita daga zaurukan masu raba lambobin wasa, ya samu limamin masallacinsu su yi magana su biyu. Mun aika masa da amsa ta musamman ta hannun wakilinmu na Daura.