Ba a ƙofar asibiti aka cuci Bessie Smith ba

Duk wanda ya leƙa tarihin blues, waƙar baƙaƙen fatar Amurka, ya ci karo da labarin rasuwar Bessie Smith. Ana cewa ranar 26 ga Satumba 1937 ta yi haɗarin mota a jihar Misisipi, aka garzaya da ita asibitin fararen fata, suka ƙi karɓarta, jini ya yi ta zuba har rai ya yi halinsa. John Hammond, wani mai shirya faya-fayai, shi ya yaɗa zancen a mujallar Down Beat a shekarar, daga baya kuma Edward Albee ya gina wasan kwaikwayo a kansa a 1959.

Ba haka aka yi ba. Wani likita, Hugh Smith, ya tarar da ita a bakin hanya, ya duba ta, sannan motar asibiti ta kai ta asibitin baƙaƙen fata na G. T. Thomas da ke garin Clarksdale. Can aka yanke mata hannu, can ta cika. Chris Albertson ya warware wannan tun 1972 a littafinsa kan rayuwarta. Wariyar launin fata gaskiya ce, ita ce ma ta sa garin ke da asibiti biyu. Amma babu ƙofar da aka rufe mata a wannan safiya, kuma ina ganin ƙaryar ta daɗe ne saboda tana da sauƙin ɗauka: tana ɗora laifi kan wasu ma'aikatan asibiti da ba wanda ya san sunansu, ta kawar da ido daga kamfanin da kowa ya san sunansa.

A Fabrairun 1923 Bessie ta shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia a birnin New York ta rera "Downhearted Blues", waƙar da Alberta Hunter da Lovie Austin suka tsara. Adadin da aka fi ambatawa shi ne kwafi 780,000 cikin wata shida. A lokacin Columbia na tangal-tangal, bashi ya yi mata katutu, faya-fayan wannan mata ’yar Chattanooga na cikin abin da ya riƙe ta. Ladanta kuwa dala 125 kan kowace waƙar da kamfani ya amince da ita, daga baya aka ɗaga zuwa 200. Biya ɗaya ne, an gama. Ko faifai ya sayu dubu, ko ya sayu miliyan, ba ta da kaso a cinikinsa. Haka ta yi wa kamfanin waƙoƙi kimanin 160, ciki har da "St. Louis Blues" ta 1925, wadda Louis Armstrong ya busa mata ƙaho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare kamfanin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce haka kasuwar take a zamanin, kuma faifan garmaho ne ya kai sunanta lungunan da ƙafarta ba ta taka ba, har ta kai tana karɓar kusan dala 2,000 a mako a gidajen wasa, tana yawo da taragon jirgin ƙasa nata na kanta. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin dandamali yana shigowa ne muddin mawaƙiya na tsaye tana rerawa, ranar da ta zauna ya tsaya. Faifai shi ne dukiyar da ke haihuwa bayan mai ita ta tsufa ko ta mutu, kuma wannan dukiyar ce aka saye daga hannunta da farashin aikin yini. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, ciniki ya ja baya, Columbia ta sallame ta a 1931.

Ɗaukar sautinta ta ƙarshe ta zo a Nuwamban 1933, ƙarƙashin tambarin Okeh: waƙoƙi huɗu, kowace dala 37.50, jimilla 150, nan ma babu kaso. Wanda ya shirya zaman shi ne John Hammond ɗin nan. Ba na shakkar yana ƙaunar muryarta, kuma kasuwa ta mutu a lokacin. Amma abin lura ne cewa mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke cikin littafin lissafi, da ya tashi nuna wa duniya zaluncin da aka yi mata, sai ya nufi jita-jitar asibiti.

Shekara 33 kabarinta a wajen Philadelphia yana nan babu ko alama. Sai a 1970 mawaƙiya Janis Joplin da Juanita Green, wadda ta yi wa Bessie aikace-aikacen gida tana yarinya, suka biya kuɗin dutsen da aka kafa. A shekarar ce kuma Columbia ta fara sake fitar da waƙoƙinta kakaf a manyan faya-fayai, aka yi ciniki, aka karɓi lambobin yabo. Magadanta sun kai kamfanin CBS, mamallakin Columbia a lokacin, gaban kotun tarayya a jihar Pennsylvania suna neman haƙƙinta. A 1979 kotun ta kori ƙarar.