Aburi kaɗai ba ta isa ba: magana kan fitar ƙungiyar lambu

Tun da aka soma maganar fitar bana, ƙungiyar lambun unguwarmu ta rabu biyu. Matasa na son a sake ɗaukar mota daga nan Ankara a hau dutsen Aburi, kamar bara da bara waccan. Dattawa kuwa, musamman iyayenmu mata waɗanda ba su taɓa fashin biyan kuɗin wata ba, cewa suke yi yawon ya isa haka, a sayi iri da taki. Mu dai ba mu ga laifin fita ba. Abin da muke ja a kai shi ne inda ake zuwa, da abin da ake komowa da shi.

Babu mai raina Aburi. Lambu ne da aka buɗe tun 1890, a kan tudun Akwapim mai sanyi, kuma yaron da ya tashi a lungunan Nima ko Sabon Zango, inda rufin kwano ke taɓa rufin kwano, ya cancanci ya tsaya ƙarƙashin wancan tsohon rimi ya ɗaga kai har wuyansa ya gaji. Kusa da nan, a Mampong, ga gonar da Tetteh Quarshie ya shuka koko a 1879. Tarihin ƙasarmu Gana ne, namu ne kamar na kowa. Sai dai mu tuna dalilin kafa lambun: Turawan mulki sun yi shi ne don gwada amfanin gonar da za a fitar waje, irin su koko da roba. Ba don tukunyar miya aka yi shi ba. Shi ya sa yaranmu ke dawowa da hotuna a jerin dogayen itatuwan bakin shiga da gefen tsohon jirgi mai saukar ungulu, amma ba su dawo da abin da za su shuka a bayan ɗaki ba.

Ga abin da ya fi damunmu. Ku tambayi ɗan shekara goma sha biyu a zango mene ne zogale. Da wuya ya sani, sai an ce masa moringa. Ya san sobolo, yana sha kullum da rana, amma bai san zoɓo ba ne, bai kuma san cewa ganyen wannan tsiron shi ne yakuwar da kakarsa ke nema a kasuwa ba. Ayoyo yake cewa, lalo ya ɓace masa. Abin mamakin kuwa, ƙasar nan gaba ɗaya tana cin abinci da sunayen da suka fito daga bakin kakanninmu. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi. Waakye daga wake ya samo suna, jan ganyen da ke ba shi launi kuma dangin dawa ne, irin wanda muke kira karan dafi. Koose ƙosai ne, dawadawa daddawa ce, ta 'ya'yan ɗorawa. Maƙwabta sun riƙe mana kalmomin, mu masu su muna sakinsu.

Sunan tsiro ba ya zama a ka don an rubuta shi a allo. Yana zama ne idan yaro ya binne irin da hannunsa, ya ba shi ruwa, akuyar maƙwabci ta cinye, ya yi kuka, ya sake shukawa. Wannan aiki makarantar boko ba za ta yi mana shi ba, makarantar allo ma ba hurumi ba ne nata. Ƙungiyar lambu ce kaɗai ke da shi a hannu, ko da ba don shi aka kafa ta ba.

Saboda haka shawararmu ita ce fitar bana ta zama ta kusa. A Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, akwai manoman da suka yi shekaru suna fitar da latas da kabeji da albasa mai lawashi daga 'yan kadadu ƙanana, da yawansu mutanen arewa ne da za mu yi Hausa da su ba tafinta. Sun san yadda ake renon iri kafin dashe, sun san abin da ruwan Ankara ke yi. Domin nan damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, ba guda ɗaya ba kamar a Kano ko Damagaram, kuma wanda ya bi lissafin da ya gada daga can sai ya yi asarar iri. Kuɗin trotro zuwa wurinsu bai kai na shatar mota zuwa Aburi ba.

Mun san abin da za a ce: ai wasu daga cikin manoman birni da ruwan kwata suke ban-ruwa. Gaskiya ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne. Yaran su gani da idonsu, su gane dalilin da uwa ke wanke latas da gishiri sau biyu, su kuma gane darajar ganyen da aka shuka a gida da ruwan da aka san asalinsa.

Sauran kuɗin a bi maganar iyayenmu mata. Fili ba mu da shi, amma buhun shinkafa da tsohuwar taya da jarkar nan rawaya da ake ce wa galan ɗin Kufuor duk gona ce idan an huda gindinta. Alayyahu na isa yanka cikin wata guda da 'yan kwanaki. Zogale ko reshensa aka kafa zai kama. Rama da yakuwa da kuɓewa ba su da fitina. Kowane yaro a ba shi jarka ɗaya, a rubuta sunan tsiron da Hausa a jikinta, da boko ko da ajami, yadda gidansu suka fi so.

Aburi kuma tana nan. A je baɗi, a tafi da yaran da jarkarsu ta yi ganye.