Turaren Hammata: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar zafin bazara ya kankama a ƙasar Zuru, wajen watan Maris da Afrilu, sai ɗakunan kwananmu su turnuƙe da feshin turaren hammata. Mu da muka taso a Kanya, da alif da lemon tsami muka ga iyayenmu na kashe warin hammata, kuma sai bayan wanka. Yau kuwa ɗalibi kan tashi a makare, ya fesa turare bisa gumin jiya, ya ruga aji.

Ya kamata mu san cewa shi gumi ba shi da wari. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fata su ne ke ruɓar da shi har ya yi tsami. Turaren kuwa iri biyu ne: wani yana rage ƙwayoyin ya rufe warin da ƙamshi, wani kuma yana ɗauke da gishirin alminiyam mai toshe kafofin gumi. Babu ɗaya cikinsu da ke wanke dauɗa.

Illarsa ba ɓoyayyiya ba ce. Sinadaran ƙamshi kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman in an shafa bayan aski, har fatar wurin ta yi baƙi. Feshi a rufaffen ɗaki kuwa yana iya tayar wa abokin zama ciwon asma. Mai ciwon ƙoda kuma sai ya shawarci likita kafin ya taɓa mai alminiyam. Ko a Amurka, a shekarar 2021 kamfanin Procter & Gamble ya janye wasu gwangwanayen Old Spice da Secret daga kasuwa saboda an sami sinadarin benzin mai haddasa sankara a cikinsu. To, ina ga wanda aka tsinta a bakin tasha ba lambar hukumar NAFDAC? Araha dai ba ta ado.

Amma jita-jitar cewa turaren hammata na kawo sankarar mama, bincike bai tabbatar da ita ba, kada mu firgita 'yan'uwanmu mata.

Ba cewa muke a daina ba. A yi wanka, a bar jiki ya bushe, a shafa kaɗan, a buɗe taga. In fata ta yi ja, a dakata, a nufi asibiti. Kuɗin gwangwani guda ya isa sabulun makonni. Allah ya ba mu lafiya, amin.