Bokitin roba mai hoton amarya: wa ya ɗora mana wannan haraji?

Jama'a, yau zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, kuma na san akwai masu jin haushina har cikin dangi. Su yi haƙuri. Maganar kayan rabo ce, wannan kado da ake miƙa wa kowace mace in ta tashi barin gidan buki: bokitin roba, kofi, faranti, kula, agogon bango, duk an manna musu hoton ango da amarya da ranar ɗaurin aure.

Bara aka aurar da ɗiyar gwaggona a Tibiri. Ni aka ba littafin lissafi, wai tunda ni ce mai diplom, in yi abin da aka sa ni lakwal dominsa. Bokiti 200 aka sayo, kowanne 750F, jikka 150 ke nan. Buga hoton da za a manna ya ci jikka 20. Jimla jikka 170. Ba a yi maganar abinci ba, ba a yi ta rumfa da kujeru ba, balle kayan ɗaki. Don ku ji nauyin kuɗin: mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a Nijar tun Janairun 2024 jikka 42 ne a wata. Gumin ƙaramin ma'aikaci na wata huɗu cur muka zuba a roba, muka rabar cikin yini ɗaya.

Gwaggo ba ta da albashi. Jajayen awakinta biyu ta kai kasuwa, ɗaya ma da ciki, sannan ta roƙi uwar adashe ta ba ta kwasa tun layinta bai zo ba. Na ce mata, "Gwaggo, wai dole ne?" Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ke yarinya, duk bukin da na tahi an ba ni. Ranar ɗiyata mutane su hita hannu rabbana? So kike in zama abin faɗi cikin Tibiri?"

To, ranar buki da kunnena na ji wata mata, ta ci ta ƙoshi, ta ɗaga bokitin ta jujjuya shi, ta ce da ta kusa da ita, "Wanga ai ƙarami ne. Gidan su wance har da murfi anka ba mu." Bayan wata uku na koma Tibiri gaisuwa, na tarar da ɗaya daga cikin bokitan nan a gidan maƙwabta, ya tsage, ana zuba wa tumaki dusa a ciki, rabin fuskar amarya ya ɓare. Gwaggo kuwa har lokacin tana zubi, garkenta babu ko akuya ɗaya.

Ku gaya mini, me muka saya da jikka 170? Mutunci muka je saye, ko bakin mata ɗaya bai rufe ba.

Kada wani ya ce mini al'ada ce. Ku tambayi kakanninku. A ƙofar gida goro da dabino ake rabawa bayan an shafa fatiha. A cikin gida kuma alkaki ne, da nakiya, da dubulan, waɗanda mata suka kwana suna daka da suya, a kai gara gidan ango, a ɗiba a aika wa dangi da maƙwabta. Ma'anar abin a fili take: mun gode da kika taka ƙafarki, ga ɗan abin taɓawa ki kai wa yara. Ba wanda ke auna girman alkaki ya yanke wa uwar amarya daraja. Roba mai hoto baƙuwa ce, jiya-jiya ta shigo, amma har ta kori ƴan gida ta hau kujerarsu.

Bari in yi adalci, don na san abin da iyayenmu mata za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Buki shi ne bankin mace. Abin da kika kai wa ƙawarki yau, shi za ta maido miki gobe har da ƙari. Wata masaniyar tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, ta zauna da matan garin nan ta rubuta littafi sukutum a kan aure a Maradi, ya fito a 1997, kuma ta nuna yadda mata ke gina darajarsu da dukiyarsu ta hanyar kyaututtukan aure. Zamanin Seyni Kountché gwamnati ta ƙayyade kuɗin aure don a rage tsada. Kowa ya ga inda dokar ta kwana. Soja da bindigarsa bai iya hana mace jin kunyar ƙawayenta ba. Shi ya sa ban zo roƙon magajin gari ko Sarkin Katsinan Maradi ko Sarkin Gobir su kafa wata sabuwar doka ba. Da mu nake magana.

Amma a bambanta abubuwa. Gudummawar buki tana dawowa. Kayan ɗaki na amarya ne, ranar da ta shiga matsi tana iya ɗaga tukunya ko katifa ta sayar ta fita kunya. Bokitin rabo fa? Wa yake dawo wa? Amarya ba ta gan shi ba, uwarta ba ta gan shi ba, wadda aka ba ma tana da irinsa goma a bayan ɗaki. Kuɗi ne da suka fita ba su san hanyar gida ba.

Kuma ina suke zuwa? Yawancin kayan nan ta Dan Issa suke shigo mana daga Katsina da Kano, wasu kuma tun daga Sin. Mun ga abin da ya faru da Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, mun sake gani bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024: kaya suka yi tsada, amma rabo bai tsaya ba, bashin ne kawai ya ƙaru. Alhali ku dubi abin da Allah ya zuba mana. Jihar Maradi gidan aya ce, gidan riɗi da gyaɗa. Fita kaɗan kudu da gari, ga fadamar Jiratawa, ganyen zogala shar rani da damina. Fatar jar akuyar Maradi sunanta ya kai har Turai, ga dukawanmu zaune suna jiran ciniki. Ga masu saƙar kaba da ke yin faifai da mafici. Duk mun tsallake su, mun je mun ɗauko roba, mun saka ta cikin leda. Leda kuma tun Nuwamban 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita a ƙasar nan, amma je ka lungun da aka yi buki washegari ka gani. Ita ce ke toshe mana magudanai da damina, ita ce awaki ke haɗiya su kumbura su mutu. Gwaggo ta sayar da akuya ta sayi abin da ke kashe akuya.

Yanzu wani zai ce, to ke mai baki, me kika yi? Zan faɗa.

Wata biyar da suka wuce aka yi auren ƙanwata a nan Maradi. Tun ana saura wata biyu na zaunar da Inna na buɗe mata littafin Tibiri, shafi-shafi. Ta yi shiru, can ta ce, "In anka yi mamu dariya, ke za ki tare ƙofa." Na ce na yarda.

Ga yadda muka yi, ga duk mai son ɗauka. Muka je wajen telan unguwa muka roƙi ƙyallayen atamfa da ke zube ƙarƙashin kekensa, muka biya shi ya ɗinka mana ƴan jakunkuna 200 masu zare a baki, kowace kamar tafin hannu biyu. Muka sayi riɗi, aya, gyaɗa da sukari da tiya, ba da ƙulli ba, don sari ya fi sauƙi. Riɗin aka wanke, aka rege tsakuwa, aka shanya, aka soya sama-sama, aka narka sukari aka juye a ciki, aka baza a faranti mai ɗan mai, aka yayyanka tun da ɗuminsa: kantu ke nan. Aya da gyaɗa aka soya daban-daban, aka kai inji, aka kirɓa da sukari da ɗan gishiri da citta, aka dunƙula dakuwa. Wata ƙawata da muka yi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tare, ƴar Jiratawa ce, ita ta haɗa mu da mata masu lambu, muka sayi ganyen zogala a hannunsu, muka shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa. Kowace jaka muka sa kantu biyu, dakuwa biyu, ƙullin zogala da ƴan ƙuli-ƙuli, a naɗe cikin takarda mai tsabta. Wadda ta koma gida, kwaɗon dare ya samu, yara kuma sun samu abin lasa. Tsofaffi ashirin muka ƙara musu mafici, don lokacin zafi ne.

Duka-duka jikka 48 muka kashe, har da ladan tela da na mata biyu da suka tsaya kan wuta. Ku raba da 200: kowane baƙo bai kai dala hamsin ba. Abin da ya rage cikin kuɗin da Inna ta tanada, keken ɗinki aka saya wa amarya, yana ɗakinta yanzu haka tana cin abinci da shi. Kuma jikka 48 ɗin nan na san inda kowace ta kwana: wajen tela, wajen mai inji, wajen matan Jiratawa, wajen mai kaba.

An yi mana dariya? An yi. Wata ta ce ashe bukin ƴan ƙauye aka gayyace ta. Wata ta tambaya ko karayar arziki ce ta same mu. Na tare ƙofa kamar yadda na yi alkawari, ban mutu ba, Inna ma ba ta mutu ba. Maganar ba ta kwana bakwai ba aka samu wani bukin aka koma kansa. Su ma masu bokiti ai ba su tsira daga bakin ba. Tunda ko ka yi ko ba ka yi ba sai an faɗa, gara a faɗa akuyarka na ɗaure a turke.

Akwai ƙorafi biyu da na ɗauka da muhimmanci. Na farko, wahala. Gaskiya ne, kwana uku muka yi, bayanmu ya gaya mana. Kuma ban yarda a ce "na gida ya fi arha" alhali arhar ta fito daga gumin matan da ba a biya ba. In gayya ce, a yi ta da daɗin rai, a ciyar da masu aiki, ranar tasu a je musu. In ba gayya ba ce, a biya lada. Samari kuma da ke zaune a fada kuna shan shayi kuna cewa mata ne suka tsadar da aure, ku taso. Kai aya inji, ɗauko buhu daga kasuwa, zuwa Jiratawa a moto, ƙulla bakin jaka, wanne ne a ciki ke rage wa namiji daraja? Kuɗin man da kuke ƙonawa a jerin gwanon kai amarya ai ba mata suka ƙona shi ba.

Na biyu, tsabta. Abin da za ka ba mutum 200 su ci ba abin wasa ba ne. A tsince gyaɗa, duk wadda ta yi funfuna ko ta yi baƙi a zubar, don tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta. A wanke hannu, a rufe kaya daga ƙuda da ƙura, a tabbata ganye ya bushe ƙarau kafin a ƙulle. Dakuwa kada ta wuce kwana biyu ko uku kafin buki. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, ya raba faifai ko mafici ko turaren wuta, su ba sa lalacewa.

Sauran laifin kuma namu ne, mu ƴan waya. Iyayenmu kunyar unguwa ɗaya suke ji. Mu muka kai kunyar WhatsApp da TikTok, muka jera kayan rabo muna ɗauka ana zuƙowa, har ɗiyar mai sayar da ƙosai a Bagalam tana auna bukinta da na ɗiyar Alhajin da ke da tireloli. Mu da muka yi karatu, muke cika baki da maganar dogaro da kai da cin abin da muka noma, mu ne kan gaba wajen raina dakuwa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mun haddace su tun muna firamare, aiki da su ne ya gagare mu.

Abu uku nake roƙo. In bukinku ne, ku zauna da iyaye tun da wuri, da biro da takarda, ku rubuta abin da rabo zai ci da inda kuɗin za su fito. In amsar bashi ce ko sayar da dabba, ku tsaya nan. In an gayyace ku aka miƙo muku abin hannu, ku karɓa da hannu biyu ku yi godiya a gaban mutane, yaba kyauta tukwici. In kuma kuka ji wata na auna bokiti, ko yayarku ce, ku ce mata, "Yaya, albarka munka zo sa wa, ba awo ba."

Gwaggo ta zo bukin ƙanwata daga Tibiri. Ta karɓi jakarta, ta kwance, ta gutsuri kantu, ba ta ce komai ba. Da za ta hau mota ta jawo ni gefe ta ce, "Ku kun iya, ni ban da wannan ƙarfin hali." Tana da sauran ɗiya guda a gabanta, kuma ta fara tara kuɗin wata akuya. Na ce mata ranar na zuwa, ni zan tare mata ƙofa, amma ƙofar Tibiri ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu zuwa su taya ni, su fara shiri.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya raba iyayenmu da bashin kunya.