FILIN KIWON LAFIYA: Idan Sankarar Furosteti Ta Yi Nisa A Jikin Dattijo

A watan Mayu na shekarar 2025 aka ba da sanarwar cewa tsohon shugaban Amurka, Joe Biden, yana da shekara 82, ya kamu da sankarar furosteti, har ta kai ga ƙashi. Ita dai furosteti wata 'yar tsoka ce mai kamar girman goro wadda ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari kuwa ta cikinta ta ratsa. Cutar ta fi kama tsofaffi, ta kuma fi tsananta ga baƙar fata. Mu a nan galibi ba a kai dattijo asibiti sai fitsari ya tsaya masa, ko ciwon baya da ƙugu ya hana shi barci, wato sai cutar ta riga ta yaɗu.

To, idan ta kai haka ba a maganar yanke ta a raba mutum da ita. Amma ana iya danne ta shekara da shekaru.

Wannan sankara da sinadarin maza take rayuwa, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. Wani likita a Jami'ar Cikago, Charles Huggins, shi ya nuna a 1941 cewa in an yanke mata wannan abinci sai ta lafa, aka ba shi lambar Nobel a 1966 saboda haka. Har yau wannan shi ne ginshiƙin magani, hanyarsa kuwa biyu ce. Ko dai a riƙa yin allura irin su goserelin duk wata ko duk wata uku, ko kuma a yi ɗan ƙaramin aikin tiyata a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya tak. Amfaninsu kusan ɗaya ne, haka ma wahalarsu: zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumi, kasala, gushewar sha'awa, da raunin ƙashi a hankali.

A nan ne iyalai suka fi tsayawa. Dattawanmu da dama in sun ji maganar tiyatar sai su ce a bar su su mutu da mutuncinsu, sai 'ya'ya su zaɓi allura. Allurar kuwa tana da tsada, kuma ba a dainawa. A ganina, dattijon da ke ƙauye nesa da babban asibiti, wanda kuɗin allura ta uku ma sai an sayar da akuya, tiyata ta fi masa alheri bisa allurar da za a yi sau biyu a bari, domin da zarar an bari cutar za ta farfaɗo. Sai dai tiyata ba a komawa baya, don haka shi mai jikin ya kamata a zauna da shi a yi masa bayani, kada 'ya'ya su yanke shawara a bayan idonsa.

Akwai ƙarin magunguna da ake haɗawa da wannan, ko tun farko ko bayan cutar ta daina jin maganin farko, abin da yakan faru bayan 'yan shekaru. Akwai ƙwayar abiraterone, wadda aka amince da ita a 2011, ana shanta tare da prednisolone. Akwai kuma docetaxel da ake sawa ta jijiya duk mako uku, amma wannan mai ƙarfi ne, likita yakan duba ƙarfin jikin mutum da zuciyarsa da ƙodarsa fiye da yawan shekarunsa. Wani ɗan 80 yana zuwa gona, wani ɗan 70 ba ya iya tashi daga shimfiɗa.

Ciwon ƙashi kuma ana gasa wurin da na'urar haske, sau ɗaya ma yakan wadatar, ana kuwa yin wannan a manyan asibitoci irin su na Legas da Abuja. Kada a ji tsoron morfin idan likita ya rubuta shi, barin tsoho yana nishi dare da rana ba haƙuri ba ne.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe. Idan ciwon baya ya tsananta, ƙafafu suka soma nauyi ko mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka soma kuɓucewa, to sankarar ta danne lakar gadon baya ke nan. A kai shi asibiti a ranar, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya sa ya rasa tafiya har abada.