Ina Kifin Tafkunanmu Ya Tafi?

Jama'a, duk wanda ya saba zama da dattawan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san akwai hira ɗaya wadda ba su gajiya da ita, watau hirar su. Da an taɓo zancen kifi sai ka ga tsoho ya gyara zama, ya shiga lissafa maka tafkuna da ƙoramu na fadamar garinsu, da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da dumi da ake kamawa, da gaiwar da ake haƙowa cikin busasshen taɓo da rani. Samari kuwa sai su yi ta murmushi, suna cewa ai kifin tsoho kullum ƙara girma yake yi a baki. To, ko da an rage rabin labarin, abin da ya saura ya isa ya tayar mana da hankali, domin da yawa daga wuraren nan yau ba ruwa, inda kuma da ruwan ba kifi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ra'ayina shi ne hirar nan ilmi ce, kuma in muka bari masu ita suka ƙare ba mu ɗauki kome ba, mun yi hasara biyu, ga ta kifi ga ta sanin yadda ake tsare shi.

Abin da ya kamata a kula da shi cikin labarinsu shi ne doka. A ƙasar Hausa ruwa yana da mai shi. Akwai Sarkin Ruwa, ko kuwa mai gari da dattawa, waɗanda kan hana shiga babban tafki tun daga damina har ruwa ya ja baya. Sai da bazara a sa rana, a yi shela, kowa ya zo da komarsa da gorarsa a shiga gaba ɗaya. Bikin Argungu da ya yi suna a duniya tun daga 1934 irin wannan al'ada ce aka girmama. Hikimar kuwa a fili take. Tarwaɗa da farkon damina take bin sabon ruwa ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai. Uwar karfasa kuma a bakinta take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama su a lokacin nan daidai yake da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo.

Me ya kashe tafkunan? Na farko fari ne, na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, wannan kuwa daga Allah ne. Sauran duk aikin hannunmu ne. Da can da jigo ake ban-ruwa, mutum ya wuni yana ja bai rage tafki da taƙi ɗaya ba. Da injin fetur ya yawaita, musamman bayan shirin Fadama na farkon shekarun 1990, sai ya zama cikin 'yan kwanaki ana iya tsotse tafki ƙaf har laka. Sa'an nan muka sare itatuwa da ciyawar gaɓa, muka kai kunyar rake da tumatir da albasa har bakin ruwa, ko wace damina zaizaya na kwaso ƙasar gona tana cike gurbin. Kududdufan cikin gari, waɗanda kakanninmu suka haƙa garin ɗiban ƙasar gini, mun mai da su juji, ko mun cike mun yanka fuloti, ga shi yanzu ruwan sama ya rasa mazauni sai ɗakunan mutane.

Mafi muni shi ne guba. Da ma akwai masu zuba magimfa, amma da maganin ƙwari irin su Gamalin ya shigo, sai marasa tsoron Allah suka riƙa tsiyaya shi cikin ruwa, babba da ƙarami duk su taso matattu, a kwashe a kai kasuwa mutane su ci. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba ko nakiya ko wutar lantarki, amma doka a takarda ba ta gadin tafki da dare. Ga kuma masu jan gidan sauro maimakon taru, suna kwashe 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba.

Bari in kawo muku misalin abin da haƙuri ke haifarwa. A Ingila akwai wani ɗan tafki da ake kira Redmire, faɗinsa bai fi eka 3 ba. A 1934 aka zuba masa 'ya'yan wani kifi guda 50, wanda Turawa ke kira kaf, dangin dumi ne na ruwayenmu. Aka bar su suna girma. A 1952 wani mai fatsa, Richard Walker, ya kamo ɗaya mai nauyin laba 44, wajen kilo 20 ke nan, a 1980 kuma Chris Yates ya kamo mai laba 51 da rabi. Masu fatsar can su ma suna da tsofaffi masu hirar tafkunan da, kamar namu. Bambancin shi ne sun rubuta nasu labarin cikin littattafai, kuma al'adarsu in sun kama babban kifi su auna shi su mai da shi ruwa. Mu don miya muke su, ba wanda zai ce mu mayar da abin da muka kama. Amma barin ƙarami ya girma, wannan ba sai Bature ba.

Kada kuma wani ya ji haka ya ce a kawo mana kaf ɗin. An riga an gwada. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gonar kifi a Panyam, can kan tudun Jos, a farkon shekarun 1950, aka kawo kaf daga Turai, wurin ya yi suna ƙwarai, daga baya aka yi shekaru ana kukan an bar shi ya lalace. Ban da haka kifin nan mai tonon taɓo ne, yakan dama ruwa, har a Ostareliya sun ɗauke shi annoba. Tarwaɗarmu da karfasarmu sun saba da zafinmu, abin da suke nema a bar musu ruwa kurum.

Na san manomi zai ce rake da tumatir su ke biya masa bukata, kifin tafki nawa ne? Gaskiyarsa, ba wanda zai ce a bar noman rani. Amma ya tuna tafki mai zurfi shi ke riƙe damshin fadama, in ya cike rijiyar gefensa ma takan yi ƙasa. Wani kuma zai ce tafki gidan sauro ne da tsargiya. Wannan ma haka ne, sai dai maganinsa tsabta da hana yara bawali da wanka a ciki, ga shi kuma ƙananan kifaye na cin 'ya'yan sauro.

Saboda haka ga shawara. Ku manoma, ku bar wa tafki taku goma ko fiye na ciyawa da itatuwa a gaɓa, ku yi yarjejeniya kan iyakar da inji zai tsaya, kada a wanke tulun feshi a ruwan da ake sha. Da bazara a yi gayya a yashe, lakar da aka fitar kuwa taki ce mai kyau. Ku 'yan kasuwa, ku ƙi sayen kifin da kuka san na guba ne da 'yan mitsi-mitsin nan, in ba mai saye mai kamu zai daina. Ku ma'aikata da malaman makaranta, ku ɗauki alƙalami ku zauna da dattawan garinku, ku rubuta sunan ko wane tafki, da inda yake, da kifin da ke ciki, da watan da ake rufe shi da wanda ake buɗewa, ku kai wa hakimi da ƙaramar hukuma, don ranar da wani zai zo da takardar fuloti a sami abin nuna masa. Iyayenmu hakimai da dagatai kuma, muna roƙo a mai da wa Sarkin Ruwa ƙarfinsa, wanda ya karya doka a hukunta shi ko ɗan wane ne.

Ko wane gari ya zaɓi tafki ɗaya tak ya rufe shi damina biyu, a ga abin da Allah zai yi. In an buɗe an ga amfani, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa jikokinmu su ga kifin nan da idonsu, amin.