Zumunci a Ƙafa Yake: Mu Daina Jiran Kuɗin Mota

Karatu: Yohanna 4:1-10, Luka 24:13-35



Shekara biyu ke nan zumuntar matasa tana sa ziyarar ikkilisiyoyin ƙauye a cikin tsarin ayyukanta, shekara biyu kuma ba a je ko'ina ba. Duk ranar da aka tayar da maganar a taron kwamiti, amsar ɗaya ce: babu kuɗin mota. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, shatar bas ta wuni ɗaya ta fi ƙarfin asusunku. Amma ra'ayina shi ne mu daina jira. Kusan kowane gida a Badafi akwai keke, ko na zuwa gona ko wanda aka jingine a zaure ƙura ta rufe shi. Da waɗannan kekuna za a iya yin ziyarar nan, kuma ina ganin za ta fi ta mota albarka.

Ba na so in ɗora muku kayan da ban taɓa ɗauka ba, shi ya sa na fara gwadawa. Wata Asabar cikin kakar nan, ni da samari uku daga cikinku muka tashi da asuba, muka yi addu'a a ƙofar majami'a, muka kama hanya. Niyyarmu mu kai wata ƙaramar ikkilisiya a gefen Tudun Wada, mu gaishe su, mu dawo kafin duhu. Kekena aro ne, tsohon Raleigh na wani dattijo, sirdinsa kamar dutse. Mun ɗaura famfo da gam da robar faci a kariya, kowa da gorar ruwansa.

Kafin rana ta ɗaga mun fito Kwanar Ɗangora. Masu shayi sun hura wuta, 'yan kamasho suna kiran fasinjan Zariya da na Kano, manyan motoci sun yi layi a bakin titi. Daga nan muka juya muka kama hanyar Tudun Wada. Na bi hanyar nan a mota ba adadi, amma ranar nan ce na fara ganinta. Dawa ta sunkuyar da kai, an karya masara an tara buka-buka, mata suna shiƙar waken soya, a fadamu kuma ana yankan shinkafa. Na ga gonar da ƙuduji ya cinye, kusa da ita wata ta yi kyau, iyaka kawai ta raba su. Na ga gonakin da masararsu ta tsaya gajera ta yi ɗorawa, alamar mai ita bai sami takin zamani a kan lokaci ba. Mutumin da ke cikin mota zai ce bana an yi albarka, ya wuce. Mai keke yana ganin gonar wa ta yi, gonar wa ba ta yi ba. Ranar Lahadi kuwa masu gonakin nan duka su ne ke zaune a gabanmu, muna yi musu wa'azin baikon godiya kamar rumbun kowa ya cika.

Abu na biyu shi ne gaisuwa. A kan keke ba ka iya wuce mutum ba ka ce masa sannu da aiki ba. Tun muna ƙirga waɗanda muka gaisa da su har muka bari. Wani ya tambaye mu daga ina, wani ya ce mu tsaya mu sha rake, wani tsoho ya yi mana dariya ya ce ashe har yanzu akwai masu tafiya mai nisa a kan keke. Duk waɗannan maƙwabtanmu ne, ƙasa ɗaya muke nomawa, kasuwa ɗaya muke ci, amma gilashin mota ya mai da mu baƙin juna.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tayar bayana ta yi faci, ruwanmu kuma ya kusa ƙarewa. Muka tura kekuna zuwa wata bishiyar ɗorawa inda wani dattijo yake zaune yana gyaran lauje, carbi a hannun rigarsa. A nan ne na kama kaina da wani abu da ban ji daɗinsa ba. Bakina ya yi nauyi wajen roƙon ruwa. Na saba ni ne mai bayarwa, ni ne mai yi wa mutane addu'a, ni ne ake zuwa wurinsa. Ɗaya daga cikin samarin ya raɗa mini, "Baba Fasto, ko mu haƙura sai gaba?" Na san abin da ke ransa, domin shi ne a raina. Muna dosar Tudun Wada, kuma babu Kiristan yankin nan da ya manta da watan Satumba na 2007, lokacin da aka ƙone majami'u a garin aka rasa rayuka. Wasunku a lokacin ana goye da ku, amma kun tashi da labarin, labarin kuma ya koya muku yin shiru a gaban baƙon fuska.

Na yi sallama, na ce, "Baba, a taimaka mana da ruwa." Ya aiki jikansa cikin gida, yaron ya fito da kwano cike da ruwan randa mai sanyi, ya koma ya ƙaro. Dattijon ya tambayi inda za mu, na faɗa masa gaskiya, na ce ni fasto ne, za mu gai da 'yan'uwanmu. Ya ce, "To Malam, Allah ya kai ku lafiya. Zumunci ai abu ne mai kyau." Da ya ga muna fama da neman inda tayar ta huje, ya sa aka kawo ruwa a tasa muka tsoma robar har kumfa ya nuna wurin. Da za mu tafi ya cusa mana gyaɗa a aljihu.

Ban kawo wannan don in ce duk wanda za ku tarar a hanya haka yake ba, ko in share abin da ya faru a baya. Na kawo shi ne saboda nassin da muka karanta. A Yohanna sura 4, Ubangijinmu ya bi ta Samariya, ƙasar da Yahudawa da yawa ba sa shiri da mutanenta. Tafiya ta gajiyar da shi, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana. Ku lura da yadda zancen ya fara. Mai ba da ruwan rai shi ne ya fara roƙon ruwan sha a hannun macen da al'ada ta ce kada ya kula ta. Gajiyarsa da ƙishirwarsa su ne suka buɗe ƙofar, har garin Saikar ya ji bishara. Na karanta wannan sura a makarantar tauhidi, na yi wa'azi a kanta sau da yawa, amma ban fahimce ta sosai ba sai da maƙogwarona ya bushe a gindin ɗorawar nan. Wanda ya zo da motarsa da ruwansa na leda da lasifikarsa ba ya bukatar kowa, kuma da wuya mutane su buɗe zuciya ga wanda ba ya bukatarsu.

Mun isa ikkilisiyar da azahar. Gini ne na laka, rufin kwano, bencinan ba su fi goma ba. Mai bisharar yana gona, aka je aka kira shi. Da ya ga kekunanmu a jingine da bangon majami'a ya tsaya ya dube su, sannan ya dube mu, ya ce, "Da waɗannan kuka zo?" Matarsa ta dama mana fura, muka zauna a tabarma. Ba mu kai musu ko buhun shinkafa ba, ba mu yi taron farkawa ba. Mun ji damuwarsu, mun karanta Kalmar Allah tare, mun yi addu'a. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne samarinsu suna tafiya birni ba sa dawowa, waɗanda suka rage kuma suna jin kamar an manta da su. Ya ce rabon da wani daga wata ikkilisiya ya tako takanas don gaishe su kawai, ya daɗe. Wannan maganar ita ce ta hana ni barci da na dawo, ba ciwon cinya ba.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi.

Wasu za su ce hanya ba lafiya. Haka ne. Shi ya sa ba mu wuce Tudun Wada ba. Gaba da nan hanyar Doguwa ta ratsa dajin Falgore, kuma kowa ya san labarin ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da aka sha ji a can. Ban yarda wani matashi ya shiga dajin nan a kan keke da sunan bangaskiya ba. Shaiɗan ne ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga kan Haikali, Yesu kuwa ya ƙi. 'Yan'uwanmu na Doguwa da Riruwai za mu tara kuɗi mu je musu a mota da rana tsaka. Haka kuma babban titin Kano zuwa Zariya ba wurin wasan keke ba ne, a tsallake shi a tura, a bi ƙananan hanyoyi. Amma tsakanin Kiru da Bebeji da Tudun Wada akwai ikkilisiyoyi da yawa da za a je a dawo kafin magariba. Kada mu fake da daji ɗaya mu ƙi zuwa ƙauyuka ashirin.

Wasu kuma, ko ba su faɗa ba, kunya ce take damunsu. Keke a wurinsu alamar talauci ne, saurayin da ya gama sakandare ko kwaleji ba zai so budurwarsa ta gan shi yana taka feda ba. Ku tambayi kakanninku yadda bishara ta iso ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, amma littafi ba shi da ƙafa. Masu bishara ne suka ɗaure shi a kariyar keke, wasu ma a ƙasa suka tako, suka kwana a zaurukan mutane, suka ci abin da aka ba su. Bangaskiyar da kuke taƙama da ita yau a kan keke ta zo gidanku. In abin hawan da ya kawo muku ceto ya zama abin kunya a idonku, to a binciki zuciya.

Akwai kuma masu cewa ai yanzu akwai waya, ana gaisawa a WhatsApp. Waya tana da amfaninta, ni ma da ita nake aiko muku da wannan. Amma a Luka sura 24, almajirai biyun nan da ke tafiya Imuwasu, tafiyar kamar mil bakwai daga Urushalima, sun san duk labarin abin da ya faru, har sun ji cewa mata sun tarar da kabari babu kowa. Labari bai ɗauke musu baƙin ciki ba. Sai da wani ya jera da su a hanya, ya saurare su, ya buɗe musu Nassi, ya zauna cin abinci tare da su, sannan idanunsu suka buɗe. Da suka gane shi kuwa, a daren nan suka tashi suka koma Urushalima da ƙafa don su faɗa wa sauran. Ba su jira gari ya waye ba, balle su jira abin hawa.

Ga abin da nake roƙon kwamiti ya duba. A ware Asabar ɗaya a wata, daga yanzu zuwa faɗuwar ruwa, tun da hanyoyin ƙauye sun bushe. A tafi aƙalla mutum huɗu, kada kowa ya tafi shi kaɗai, Ubangiji ma biyu-biyu ya aiki almajiransa. A sanar da dattawan ikkilisiya da iyaye hanyar da za a bi da lokacin dawowa. A duba birki da taya tun ranar Juma'a. A aika wa waɗanda za a je wurinsu saƙo tun da wuri, a kuma tafi da guzuri, domin kada ziyara ta zama nauyi a kan mai bisharar da shi kansa yake fama. In an tarar suna girbi, a ajiye keke a kama musu aiki na awa ɗaya, wannan ma wa'azi ne. 'Yan mata da ke so su je, a tsara musu ƙauyukan kusa tare da wata uwa daga zumuntar mata. A gai da duk wanda aka tarar a hanya, Kirista ko Musulmi, a shiga gari da ladabi, a sauka daga keke in za a wuce dattawa. Wayoyi kuma su zauna a aljihu. In hoton da za a sa a Facebook shi ne dalilin tafiyar, an riga an karɓi lada tun a nan.

Mun shigo Badafi ana kiran sallar magariba, ƙura har gira, ƙafafuna suna rawa. Washegari da kyar na hau bagade. Na mayar wa dattijon kekensa da sabon faci a taya, na ce masa zan sake arowa wata mai zuwa. Duk wanda zai bi ni, ya ba sakataren zumunta sunansa ranar Lahadi bayan sujada.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai da ka aiko Ɗanka ya taka ƙurar hanyoyinmu, ya gaji, ya ji ƙishirwa, ka gafarta mana yadda muka bar 'yan'uwanmu su kaɗai muna fakewa da rashi. Ka cire mana girman kai da tsoro. Ka tsare fitarmu da shigarmu, ka albarkaci duk wanda zai ba mu ruwa a hanya, ka ƙarfafa masu bishararka a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.